Tsohuwar A-kori-kura a Tekun Rairayi

Toyota Hilux ce ƙirar 1994, mai shan dizal, injinta lita 2.8, babu turbo babu kwamfuta. A takarda ƙarfinta kusan doki 90 ne, amma bayan shekarun da ta kwashe tana dakon kaya, Allah kaɗai ya san dawaki nawa suka rage da rai. Da ita na ƙudura shiga hamada, can ciki inda kwalta ke ƙarewa burji ya karɓa, shi ma ya ƙare ya bar ka da sawun tayar wanda ya riga ka wucewa, in iska ta ga dama ta bar maka shi.

Ni da wani abokina muka ƙulla tafiyar, kowa da motarsa, don ba a shiga rairayi da mota ɗaya. Na ukunmu Baba ne, makanikin da ya tsufa yana bin manyan motoci a hanyoyin da ba su san kwalta ba. Ya ce zai zauna a gefena ya ga ƙarshen aikin hannunsa.

Abokina yana cikin waɗanda bidiyon tsere ya kama, kuma ban ga laifinsa ba. Tun da aka tashi tseren Dakar daga Paris a ƙarshen Disambar 1978, ya koma Kudancin Amurka a 2009, ya sake ƙaura zuwa Saudiyya a 2020, hotonsa ne ke faɗo wa mutum a rai in an ce mota a hamada. Ga kuma Baja 1000 na ƙasar Meziko da aka fara a 1967, inda za ka ga a-kori-kura ta yi sama ta dira ta ci gaba da gudu. Sai dai waɗancan a fuska kawai suke a-kori-kura. Ƙashinsu bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa da walda tun daga tushe, bodin kwanso ne mara nauyi, tayarsu na hawa da sauka fiye da rabin mita, kuma akwai tawagar makanikai a gaba tana jiransu da mai da sababbin tayoyi. Mu ba mai jiranmu. Duk da haka ya ɗaga tasa Hilux ɗin, wadda ta fi tawa ƙuruciya kuma tana da turbo, har sai ka kama ƙofa ka yunƙura kafin ka hau. Ya sa mata tayoyin taɓo masu inci 35, ya ɗora kariyar ɗaukar kaya a rufi, ya jera fitilu a goshinta. Kyau kam ta yi kyau.

Tawa kuwa ta daɗe a gareji ba a ƙara mata ko noti ba. Da lagireto Baba ya fara. Aka sauke shi aka buɗe, aka tsefe bututunsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga da yawansu sun toshe da tsatsa. A kwalta motar ba ta taɓa yin zafi ba, domin gudu ne ke tura iska cikin lagireto. A rairayi injin na nishi mota na rarrafe, ba iskar da za ta sanyaya shi sai wadda fanka ta jawo. Fankar irin waɗannan motoci tana da ɗan kuloci mai man silikon a ciki, wanda ke riƙe ta in zafi ya taso. In man ya tsiyaye za ka gan ta tana juyawa, amma wasa take. Baba ya kashe injin da zafinsa, ya sa yatsa ya kaɗa ta, ta yi ta wulwulawa ba ta da niyyar tsayawa.

"Ka gani, ɗana? Wannan ta yi ritaya ba ta gaya wa kowa ba."

Aka sake mata mai. Aka canza duk tiyon ruwa, tsofaffin da ba su fashe ba aka ɗaure su a bayan kujera. Murfin lagireto ma sabo aka sa, don ɗan abin nan shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. Sai bel ɗin taimin, wanda Toyota ta ce a canza duk kilomita 100,000, namu kuwa ba wanda ya san rabonsa da canji. In ya tsinke a injin dizal irin wannan, fistin ya yi karo da bawul, to tafiya ta ƙare a inda kake tsaye. Bayan boris da giris, Baba ya shiga ƙarƙashi da tocila yana bin shasi taku-taku, musamman inda sifirin ke rataye da inda akwatin sitiyari ke ɗaure, don nan ne tsohon ƙarfe ke fara tsagewa.

Daga nan ya koma ragi. Wata ƙatuwar bamba da mai motar na baya ya yi wa walda, da ƙarafan da aka kewaye bodin baya da su don a tula kaya, duk suka sauka. Dabarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ralph Bagnold, hafsan sojan Birtaniya da ya riƙa kutsawa hamadar Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford tun ƙarshen shekarun 1920, shi ya kafa rundunar sintirin hamada ta LRDG a 1940. Motocin Chevrolet da suka fi aiki da su tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma kafin su shiga da su sai sun cire ƙofofi da rufi da gilashin gaba. Su sassauta iskar taya, su ɗauki dogayen farantan ƙarfe na shimfiɗa wa taya in ta kafe, su ja tiyo daga bakin lagireto zuwa wani gwangwani mai ruwa, tururi ya huce a ciki, injin ya sake zuƙe shi in ya yi sanyi. Robar ruwan da ke gefen lagireton motocin yau aikin nan take yi. Duk sanda na ji wani yana rantsuwa sai da injin mai silinda 8 ake shiga rairayi, mutanen nan nake tunawa.

Sai da aka gama wannan aka zo kan ƙari. Tayoyinta na asali 205R16 ne, tsayinsu kimanin santimita 74. Muka koma 7.50R16, dogaye sirara, kimanin santimita 81. A nan akwai abin da masu ɗaga mota ba su cika lura da shi ba. Ko ka ɗaga sifirin har ya kai kafaɗarka, kaskon aksil yana nan inda yake, tsayin taya ne kaɗai ke nisanta shi da ƙasa. Shi ma ba kyauta ba ne: doguwar taya tana yi wa injin nauyi, kuma mitar nisa ta fara yi maka ƙwange, ka yi kilomita 110 ta rubuta maka kusan 100. Sifirin muka canza da sababbi da suka ɗaga ta santimita 5 kacal. Hilux ta wannan zamanin aksil ɗinta na gaba sanda ɗaya ce a kan sifirin mai ganye, tsarin da kamfanin ya riƙe a ƙasashe da yawa har 1997. Ba ta da daɗin zama, amma ba abin da ke cikinta da guduma da sufana ba za su gyara ba. Muka sa shokozoba masu kauri, farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin, filtar mai ta biyu mai raba dizal da ruwa, da bututun shaƙar iska da ya hau gefen gilashi zuwa rufi. Mutane na ɗauka don tsallake ruwa kawai ake sa shi. A hamada aikinsa ya ɗauke hancin injin daga ƙurar da tayar gaba ke tayarwa, kuma a kansa akwai wani kwano da ke juya iska ya tara yashi kafin ya kai ga filta.

Lodi ne muka fi daɗewa a kansa. Litar dizal kusan giram 840 ce, jarkar ƙarfe mai lita 20 in ta cika ta haura kilo 20, biyar kawai sun wuce kilo 100. Baba ya ce ko ɗaya ba za ta hau sama ba. Mai da ruwa duka aka jera su a ƙasan bodi, manne da bayan kan mota, tsakanin aksil biyu, aka ɗaure tamau. A kansu shebur mai dogon mariƙi, farantan yashi biyu, katako mai kauri na ɗora jak, igiyar ja mai talewa, gejin auna iskar taya, da famfon iska mai aiki da batir. Sai doguwar sanda mai jan ƙyalle, don wanda ke bayan tudu ya san kana tafe.

Da muka bar kwalta, gargada ce ta fara yi mana maraba. Ƙananan kunyoyi ne a jere a kan burji, tayoyin motoci suka ƙera su, ba iyaka. In kana tafiyar kilomita 30 a awa sai ka ji haƙoranka na haɗuwa, in ka kai 70 zuwa 80 taya ta riƙa taɓa kawunansu kawai, mota ta lafa. Lafawar nan yaudara ce, domin rabin lokacin tayar ba ta ƙasa. Ka taka birki ko ka sha kwana a haka, bayan mota ya nemi wuce gabanta. Can Baba ya ce in tsaya. Ya ɗiga ruwa a jikin shokozoba, ruwan ya yi cuu ya ƙafe. Man da ke ciki in ya yi zafi kumfa yake yi, ya daina riƙe komai, shi ya sa ake son mai kauri da ke ɗaukar mai da yawa. Na abokina sun fi namu shan wuya, don kowace tayarsa da wilinta kaya ce guda, kuma su ne ke tare ta duk hawa duk sauka. Fitilarsa ɗaya ma ta riga ta sauka a hanya ba sallama. Daga ranar, duk tsayawa sai Baba ya zaga motocin biyu da sufana yana ɗanɗana notuna.

A wata busasshiyar korama mai duwatsu aka yi mana fintinkau. Motar abokina ta taka ta haye ko gezau. Tamu kuwa sai da Baba ya sauka yana tafe da baya-baya a gabana, yana nuna mini da hannu inda zan ɗora kowace taya, wani wurin mu tara duwatsu mu yi mata matakala. Farantin ƙasa ya sha karta har na daina ƙirgawa. Abokina na zaune a inuwar motarsa a ɗaya gaɓar.

"Baba, yaya ka ga tsayi?"

"A nan kam, Alhaji, ka fi mu gaskiya."

Bayan koramar fako ne shimfiɗe, mai tauri, kawalwalniya na rawa a gaba. Muka ba su wuta, ba abin faɗi. Da la'asar tuddan rairayi suka bayyana, jajaye-jajaye, muka kwana a gindinsu don mu shiga da sanyin safiya, lokacin da yashi ke da ɗan danshi yana ɗaukar nauyi.

Gari na wayewa Baba ya tsuguna a gaban taya da geji. Daga 32 a awon geji ya fara sakin iska. Ya danna ƙwayar bawul da ɗan ƙusa, iska na fita da shewa, shi kuma idonsa na ƙasa, ba a kan geji ba. A 25 ba ka ganin komai. A 20 gefen tayar ya fara yin tumbi. A 16 ya tsaya, ya sa ni na ja motar gaba kaɗan, ya nuna mini sawun. Faɗinsa bai ƙaru sosai ba, tsawonsa ne ya miƙe ƙwarai, ya zama kamar tafin raƙumi da ke bajewa in ya taka. Duk abin da aka yi wa motar a gareji, ba wanda ya kai wannan ɗan sakin iskar amfani, kuma doguwar siririyar taya ta fi kowace yin sa da kyau. Muka murɗa makullan cibiyar tayoyin gaba, na ja ƙaramin liba zuwa L4, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu, na tashi a giya ta biyu na miƙa wa ta uku.

Dokokin kaɗan ne, Baba ya yi ta nanata su. Kar ka taka birki da ƙarfi, don taya za ta tara tudu a gabanta. Ɗaga ƙafa kawai, yashi zai tsayar da kai. Kar ka murɗa sitiyari lokaci ɗaya, don taya mai ƙarancin iska tana iya zamewa daga wili. Kar ka canza giya a tsakiyar hawa, don daƙiƙar da ka taka kuloci ita ce daƙiƙar da mota za ta tsaya. In tsayawa ta kama, tsaya hancinka na kallon gangara. Tudun rairayi fuska biyu gare shi: wadda iska ke bugawa mai sauƙin hawa ce, a daddaɓe, ta bayanta kuwa a tsaye take, digiri 30 zuwa 34, yashinta sako-sako, kuma ba ka ganin ta sai ka kai ƙoli. Saboda haka ka hau da isasshen gudu, amma ka ɗaga ƙafa daidai lokacin da sararin sama ya cika gilashi. Ka yi saurin ɗagawa ciki ya zauna a kan ƙoli tayoyi na lilo, ka yi jinkiri ka yi tsalle irin na bidiyo ba tare da motar bidiyo ba.

Gangarar farko ba na mance ta. Bonet ya sunkuya har na daina ganin komai sai yashi, bel ya riƙe ƙirjina, kayan da ke kan dashbod suka zubo. Ƙafata ta nufi birki da kanta. "Sake shi," in ji Baba, ko ɗaga murya bai yi ba. "Miƙe sitiyari. In bayanta ya fara karkacewa, ƙara wuta kaɗan." Ƙara wuta a gangara, abin da jiki ba ya yarda da shi ke nan, amma shi ke sa gaba ya ci gaba da zama gaba. Muka sulala a giya ta biyu, yashi na gangarowa tare da mu yana wani gurnani a ƙarƙashi, har hancin motar ya ɗago a ƙasa.

Rana na ɗagawa motar abokina ta fara kafewa. Tayar taɓo an yi ta ne ta tona ta kamo ƙasa mai tauri, a nan kuwa ba ƙasa mai tauri, sai ta yi ta tona. Gefenta kuma yana da kauri, ko an rage iska ba ta bajewa da wuri. Ga turbo: ya taka totur shiru, ya ƙara, sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, tayoyi su watsa yashi sama mota ta zauna. Ƙara kam akwai ta, har Baba ya ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne sanda ya bi gefen wani tudu a karkace, jarkoki na kan rufi, muka ga tayoyin ɓangaren sama sun yi sakayau. Ba wanda ya yi wa wani wa'azi. Ya sauko, muka sauke jarkokin ɗaya-ɗaya muka mayar bodin baya, ya sake rage iska zuwa 14. Daga nan motar ta zama wata daban, har wani dogon hawa da tawa ta gaza sai da na koma da baya na sake ɗauko gudu, shi ya haye shi a tashi ɗaya.

Mu ma mun sha namu. Tsakar rana inuwa ke ɓacewa, tudu da rami su zama launi ɗaya, kuma a wani kwari muka faɗa turɓaya mai laushi wadda ba ta da alama a sama. Motar ta nutse har aksil. Da ka ji ta daina gaba, ɗaga ƙafa, don duk juyin taya ɗaya ƙarin aikin shebur ne. Muka kwanta muna kwashe yashi daga ƙarƙashin kasko da shasi har haske ya ratsa ta ɗaya gefen. Aka ɗora jak a kan katako, aka ɗaga tayoyin baya bi da bi, aka cike ramin, aka zura faranti. Iskar taya ta koma 12. Na tashi a hankali ba tare da taya ta yi ko juyin banza ɗaya ba, na ji farantan sun yi ƙara a ƙarƙashi, ban tsaya ba sai a wuri mai tauri can gaba. Tono farantan da motar ta binne ya kusa kai fitar da ita wahala, shi ya sa ake ɗaura musu igiya.

Da yamma iska ta juyo tana bin bayanmu da kusan gudun da muke yi, wato ba abin da ke shiga lagireto. Allurar zafi ta fara hawa. Baba bai bari na kashe injin ba, don in ka kashe, famfon ruwa ya tsaya zafi ya taru a kan silinda. Ya ce in juya hancinta ta fuskanci iska, in ɗan riƙe totur, ya buɗe hita har ƙarshe. Hita ƙaramin lagireto ne, zafin da ta kwaso daga injin a fuskarmu ta juye shi. Muna zufa muna jin fankar nan da ta dawo daga ritaya tana ruri, allura ta sauko.

Kowane dare aikin ɗaya ne. A juye kwanon bututun iska, wanda ke tara yashi cike da tafin hannu, a ciro filta a bubbuga ta a hankali, a tsiyaye ɗan ruwan da filtar mai ta tara, a duba baƙin mai. Sai lissafi: abin da mita ta nuna a ƙara masa kashi ɗaya cikin goma, a gwada da jarkokin da aka juye. A cikin tuddai motar ta sha kusan ninkin abin da take sha a kwalta, ta abokina ta fi haka. Lissafin ne ya sa muka fasa wani zagaye da muka so yi, muka miƙe ta gajeriyar hanya.

Da muka fito kan ƙasa mai tauri, famfon iska ya karɓi aiki. Taya takwas daga 12 ko 14 zuwa 32 ba wasa ba ne ga ɗan famfo. Sai ya yi zafi a bar shi ya huce, a ci gaba. Ba yadda za a yi a tsallake wannan, don taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu a kwalta zafi take yi ta fashe. Na mayar da liba H2, wato jan tayoyin baya kaɗai, na kwance makullan gaba, na ɗan yi ribas don giyar ta saki. Baba kuma ya shige ƙarƙashi da tocilarsa. Sifirin lafiya, shasi lafiya, shokozoba ɗaya ta baya ta fara gumin mai. Da ya ɗaga bonet ya girgiza batir, sai ga mazauninsa ya tsage ta kusurwa, gargada ta ci shi. Ya yanko tsohon tiyo ya cusa a ƙarƙashi, ya ɗaure da waya ya murɗe da filaya.

"Wannan zai kai mu wurin mai walda," in ji shi. "Ta da ita."